Sakaya sunayen masu shafukan intanet: riba da hasara ga mutanen Damri

Shekaru da dama duk mai son sanin wanda ya mallaki wani shafin intanet yana iya dubawa kyauta. Dokokin kare bayanan jama'a na Turai da na Najeriya sun sauya wannan al'amari, kuma sauyin yana da fuska biyu ga yankunan Zamfara da ke fama da 'yan bindiga a daji da 'yan damfara a waya.

Garin Damri da ke ƙaramar hukumar Bakura ba wuri ne da ake tsammanin jin batun rajistar shafukan intanet ba. Akasarin mazauna garin manoma ne da 'yan kasuwa, kuma kamar maƙwabtansu na Talata Mafara da Maradun, galibin hulɗarsu da intanet ta Facebook da WhatsApp ce a wayar salula.

To amma ta waɗannan kafofin ne ake turo wa jama'a adireshin shafuka iri-iri. Wannan ya ce ana ɗaukar sabbin sojoji, wancan ya ce gwamnati na raba tallafin taki, wani kuma ya ce a cike fom domin samun rance. A ƙarshen fom ɗin akan nemi lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ko lambar banki ta BVN, wani lokacin har da kuɗin rajista.

Tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce, wane ne ke da wannan shafin? Kafin shekara ta 2018 sau da yawa ana samun amsar cikin minti guda. A yau abin da mai bincike kan tarar a gurbin sunan shi ne sanarwar cewa an sakaya shi domin kare sirrin mai shi.

Mene ne kundin WHOIS?

Duk wani shafin intanet yana da suna, wanda kan ƙare da .com ko .org ko .ng da makamantansu. Ba a sayen wannan suna dungurungum, hayarsa ake yi shekara-shekara daga hannun kamfanonin rajista, waɗanda suke tamkar dillalai tsakanin mai son sunan da hukumar da ke riƙe da babban kundi.

A lokacin rajista kamfanin kan karɓi sunan mutum da adireshin gidansa ko ofishinsa da lambar wayarsa da adireshinsa na imel. Waɗannan bayanai su ne ake zubawa a kundin da ake kira WHOIS, kalmar Turanci da ke nufin "wane ne".

An tsara ƙa'idar kundin ne a 1982, lokacin da masu amfani da wannan hanyar sadarwa ba su wuce jami'o'i da cibiyoyin bincike da ke aiki da ma'aikatar tsaron Amurka ba. Manufar ita ce idan na'urar wani ta samu matsala a san injiniyan da za a kira. Da aka kafa hukumar ICANN a jihar Kaliforniya a 1998 domin kula da tsarin sunayen intanet na duniya, sai ta gaji wannan al'ada, ta kuma wajabta wa kamfanonin rajista su baje bayanan ga kowa.

Sannu a hankali kundin ya zama abin dogaro ga 'yan sanda da bankuna da lauyoyi da 'yan jarida masu bin diddigi. Haka nan kuma ya zama rumbun da masu tura saƙonnin talla da na yaudara suke kwasar lambobin waya da adireshin mutane. Wanda ke da hali yakan biya wani kamfani ya sa sunansa a madadin nasa. Wanda bai san da hakan ba kuwa sai ya bar adireshin gidansa a fili.

Dokar Turai ta 2018

Tun a 2003 hukumomin kare bayanai na ƙasashen Tarayyar Turai suka ja kunnen ICANN cewa baje bayanan mutane a wannan kundi ya saɓa wa dokokinsu. An yi ta jan ƙafa har tsawon shekaru 15, sai da sabuwar dokar Tarayyar mai suna GDPR ta fara aiki a ranar 25 ga watan Mayun 2018. Dokar ta tanadi tarar da za ta iya kaiwa yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin 100 na cinikin da kamfani ya yi a duk duniya cikin shekara guda, duk wanda ya fi yawa.

Ana saura kwanaki kaɗan dokar ta fara aiki ICANN ta fitar da ƙa'idar wucin gadi, wadda ta ba kamfanonin rajista damar ɓoye suna da lambar waya da adireshin mai shafi. A maimakon imel ɗinsa sai a sa wata hanya ta aika masa saƙo ba tare da an ga adireshin ba.

A ranar da dokar ta fara aiki ICANN ta kai ƙarar wani kamfanin rajista mai suna EPAG gaban kotu a birnin Bonn na Jamus, saboda ya ce zai daina karɓar bayanan ƙarin mutane biyu da akan rubuta a matsayin masu kula da shafi. Kotun ta ƙi tilasta wa kamfanin, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Kolon ta goyi bayanta.

Ko da yake dokar ta Turai ce, manyan kamfanoni da dama sun ga ya fi musu sauƙi su rufe bayanan kowa da kowa, maimakon su tsaya tantance wanda ke Turai da wanda ke Gusau. Wani nazari da kamfanin Interisle ya wallafa a watan Janairun 2021 ya nuna cewa kafin dokar ana iya gane mamallakin kusan kashi 76 cikin 100 na sunayen da aka bincika, amma bayanta adadin ya faɗi zuwa kashi 13.5 cikin 100.

Daga ranar 28 ga watan Janairun 2025 ICANN ta daina wajabta tsohon tsarin WHOIS ga akasarin sunayen da ke ƙarƙashinta, ta maye gurbinsa da wani mai suna RDAP, wanda aka gina yadda za a iya nuna wa wani abin da aka ɓoye wa wani. A watan Agustan 2025 kuma ƙa'ida ta dindindin ta maye gurbin ta wucin gadin.

Najeriya ta bi sahu

Ƙa'idojin ICANN sun shafi sunaye ne irin su .com da .org da .net. Sunayen ƙasashe kuwa, kamar .ng na Najeriya da .ne na Nijar, kowace ƙasa ita ke tsara nata bisa dokokinta.

An buɗe wa Najeriya sunan .ng a 1995. Bayan taƙaddamar da aka yi a kan wanda ya dace ya riƙe shi, wadda sai da shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki, an kafa ƙungiyar NiRA a 2005, kuma ita ce ke riƙe da kundin har yanzu. Sunayen da aka yi wa rajista a ƙarƙashin .ng sun haura 200,000, adadin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da Afirka ta Kudu mai fiye da miliyan guda, ko Jamus mai fiye da miliyan 17. Ma'anar wannan ita ce, ɗimbin shafukan 'yan Najeriya suna zaune ne a .com, inda kamfanonin ƙasashen waje ke riƙe da bayanansu.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin sirrinsa da na gidansa da na maganganunsa ta waya. A watan Janairun 2019 hukumar NITDA, a lokacin da Isa Ali Pantami ke shugabantarta, ta fitar da ƙa'idar farko ta kare bayanai. A watan Yunin 2023 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar doka, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin jagorancin Dakta Vincent Olatunji.

Dokar ta ce duk wanda ya karɓi bayanan mutum wajibi ne ya kasance yana da hujjar da doka ta yarda da ita, kada ya karɓi fiye da abin da yake buƙata, kada kuma ya yi amfani da su a wani abin da ba shi aka karɓe su dominsa ba. Ta shafi har kamfanonin da ba a Najeriya suke ba matuƙar suna sarrafa bayanan mutanen da ke cikin ƙasar. Manyan masu riƙe da bayanai da suka saɓa mata za su iya biyan tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Idan aka auna tsohon tsarin WHOIS da wannan mudu, da wuya ya tsallake. Kamfanin rajista yana da hujjar sanin wanda ya ba hayar suna, amma ba shi da hujjar baje lambar wayarsa da unguwarsu ga duk mai buƙata. Jamhuriyar Nijar ma tana da irin wannan doka tun 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP, aka kuma sabunta ta a 2022.

Abin da rufewar ta kare

A Turai muhawarar ta fi karkata ga saƙonnin talla da cin zarafi ta intanet. A yammacin Zamfara kuwa magana ce ta rai.

A ranar Juma'a 6 ga watan Mayun 2022 'yan bindiga suka afka wa Damri da ƙauyukan Sabon Gari da Kalahe, inda hukumomin ƙaramar hukumar Bakura suka ce an kashe aƙalla mutum 48. Watanni takwas kafin nan, a watan Satumban 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta rufe layukan waya a duk faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, wadda ta ce 'yan bindiga na amfani da waya wajen samun rahotanni daga masu tsegunta musu da kuma cinikin kuɗin fansa.

A irin wannan yanayi lambar wayar mutum da adireshinsa ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan kasuwar da ya buɗe shafi domin tallan shinkafar da ake nomawa a filayen madatsar ruwa ta Bakolori ya riga ya nuna cewa yana da abin hannu. Ƙungiyar matasan gari da ta buɗe shafin tara gudunmawa ga 'yan gudun hijira ta nuna cewa kuɗi na ratsawa ta hannun ma'ajinta. Matashin da ke wallafa labarin hare-hare da sunayen ƙauyukan da aka ɗora wa haraji yana da abokan gaba da bai san adadinsu ba. A ƙarƙashin tsohon tsari kowane ɗayansu zai iya barin cikakken sunansa da lambarsa a inda kowa ke gani, ba tare da ya san ya yi hakan ba.

Ta wannan fuska sakaya sunayen ci gaba ne, domin kariyar da a da sai mai kuɗi da wayewa ke saya, yanzu ta zama haƙƙin kowa.

Abin da aka rasa

Sai dai labulen da ya rufe ɗan kasuwar Bakura shi ne kuma ya rufe ɗan damfara. Rundunar sojan Najeriya da hukumar kwastan da ta shige da fice sun sha fitar da gargaɗi a kan shafukan bogi da ke iƙirarin ɗaukar ma'aikata da sunansu. Waɗanda suka fi faɗawa wannan tarko su ne matasa marasa aikin yi a wuraren da babu ofishin da za su je su tabbatar da gaskiyar sanarwa.

Gaskiya ne cewa tun a da ma 'yan damfara ba su cika rubuta sunansu na ainihi ba. To amma sukan yi kasala su maimaita imel ɗaya ko lambar waya ɗaya a shafuka masu yawa, kuma da wannan ne masu bincike kan gano cewa hannu ɗaya ne ke bayan shafuka goma ko ashirin, a rufe su gaba ɗaya. Wannan hanya ta bin sawu ta yi rauni ƙwarai tun daga 2018.

A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wani shafi mai suna AnyVerify.com.ng yana sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, ta kuma ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani da ta shugaban hukumar NDPC kansa. Hukumar NIMC mai ba da katin ɗan ƙasa ta musanta cewa an kutsa rumbunta, amma ta fitar da sunayen wasu shafuka da ta gargaɗi jama'a su guje musu. Abin lura a nan shi ne, dokar da ake zargin irin waɗannan shafuka da ketawa ita ce kuma ke ba masu su damar a sakaya sunayensu daga idon jama'a.

Ga mutumin Damri da aka karɓe wa kuɗi ko lambar BVN ta wani shafin .com, hanyar neman haƙƙi doguwa ce. Sai ya kai ƙara wajen 'yan sanda, su kuma su rubuta wa kamfanin rajista da ke Amurka ko Turai, wanda zai auna buƙatar da dokar ƙasarsa kafin ya amsa. Sau da yawa kafin a kai nan an rufe shafin an buɗe wani.

Wa ke riƙe da mabuɗi?

Ko shakka babu ba za a koma tsohon tsari ba. Muhawarar da ta rage ita ce, wa zai iya ɗaga labulen, bisa wane sharaɗi, cikin kwana nawa, kuma wa zai sa masa ido?

A watan Nuwamban 2023 ICANN ta buɗe wata kafa mai suna RDRS, inda jami'an tsaro da lauyoyi da masu bincike za su iya shigar da buƙatar ganin bayanan da aka ɓoye. Amma an fara ta ne bisa ganin dama, wato kamfanin rajista yana iya ƙin shiga, kuma ko ya shiga shi ne zai yanke hukuncin bayarwa ko hanawa.

Tarayyar Turai, wadda dokarta ta haifar da rufewar, ta dawo ta yi gyara a 2022. Sashe na 28 na dokarta ta tsaron intanet mai suna NIS2 ya wajabta wa masu rajista su tabbatar da sahihancin bayanan da suka karɓa, su baje waɗanda ba na ɗaiɗaikun mutane ba ne, su kuma amsa halastacciyar buƙata cikin sa'o'i 72.

A Najeriya ƙofar jami'an tsaro a buɗe take. Dokar 2023 ta sassauta wasu sharuɗɗanta ga hukumomin da ke binciken laifi da tsaron ƙasa, yayin da sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu hulɗa da su na tsawon shekaru 2, su kuma miƙa su idan hukuma ta nema.

A nan ne 'yan jarida da masu fafutuka ke da nasu tsoron. An sha amfani da sashe na 24 na wannan doka wajen kama masu rubutu a intanet, har kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa a gyara shi. An yi gyaran a watan Fabrairun 2024, amma a watan Mayun shekarar 'yan sanda suka tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu fiye da mako guda bisa zargin saɓa wa dokar. Don haka idan aka sauƙaƙa ɗaga labulen ba tare da sa idon kotu ba, wanda zai fara shan wahala shi ne mai wallafa labarin da bai yi wa wani babba daɗi ba. Idan kuma aka tsaurara, ɗan damfara ya ci bulus. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Abin da mai waya zai iya dubawa

Duk da rufewar, akwai bayanan da har yanzu suke a fili, kuma suna da amfani. Kundin yana nuna ranar da aka yi wa suna rajista da ranar da hayarsa za ta ƙare da kamfanin da ya yi rajistar, tare da adireshin da za a kai wa kamfanin ƙorafi. Shafin da ya ce na wata tsohuwar ma'aikatar gwamnati ne, amma aka tarar makon jiya aka yi masa rajista, ya riga ya tona asirin kansa.

Haka nan ƙarshen sunan yana da muhimmanci. An keɓe .gov.ng ga hukumomin gwamnati, kuma sai da amincewar NITDA ake samunsa, kamar yadda aka keɓe .mil.ng ga rundunonin soja da .edu.ng ga manyan makarantu. Amma .com da .com.ng kowa na iya yin rajistarsu da kuɗi kaɗan. Malamin makaranta ko mai shagon cajin waya guda ɗaya da ya san wannan zai iya tsirar da matasan unguwa da dama.

Darasi daga kara

Wanda ya san cinikin dabbobi a kasuwar Talata Mafara ya san matsayin dillali. Ba ya shelanta wa kasuwa gidan mai saniya ko yawan garkensa, amma ya san shi, kuma in ta bayyana cewa saniyar ta sata ce, shi za a riƙe ya kawo wanda ya ba shi. Amincin ciniki ya dogara ne a kan waɗannan abubuwa biyu tare.

Dokokin kare bayanai sun cika sharaɗin farko. Na biyun shi ne aikin da ke gaban NiRA da NDPC, kuma yana da sassa uku. Na ɗaya, kamfanonin rajista su tabbatar cewa sunan da lambar da aka ba su na gaske ne, domin ɓoye bayanan ƙarya ba ya kare kowa sai maƙaryacin. Na biyu, a bambanta mutum da kamfani. Dokar 2023 ɗaiɗaikun mutane take karewa, kuma a watan Mayun shekarar ne hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta buɗe wa jama'a kundin ainihin masu mallakar kamfanoni, don haka babu dalilin ɓoye sunan kamfanin da ke karɓar kuɗin mutane ta shafinsa. Na uku, a rubuta ƙa'ida bayyananniya a kan wanda zai iya neman bayanan da wa'adin amsa masa, a kuma riƙa wallafa yawan buƙatun da hukumomi suka shigar a kowace shekara da waɗanda aka amince da su.

Kafin a kai ga haka, matashin Damri da aka turo wa sanarwar ɗaukar aiki ta WhatsApp ba shi da abin dogaro sai ƙarshen sunan shafin da ranar da aka yi masa rajista.